Nana Asma'u 'Yar Shehu Da Ƙungiyar 'Yan Taru

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, in an ambaci jihadin Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, abin da yakan fara faɗo wa mutane a rai shi ne tutoci da dawaki da filayen daga, irin su Tabkin Kwatto da Alƙalawa. Lalle waɗannan suna da matsayinsu cikin tarihi. Amma akwai wani aiki da ya biyo bayansu, wanda matan ƙauyuka suka ɗauka a kansu, suka riƙa taka sayyada daga gari zuwa gari domin kawar da jahilci da tallafa wa gajiyayyu, har aikin nasu ya rayu bayan daular da aka kafa da takobi ta faɗi. Wadda ta assasa wannan aiki ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu, Allah Ya jiƙanta, kuma tarihinta ne filin zai kawo a wannan mako.

ASALINTA DA TASOWARTA

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel, cikin ƙasar Gobir ta wancan zamani, a shekarar 1793 Miladiyya, daidai da 1208 Hijiriyya. Tagwaye aka haifa, ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da Husaina za a kira ta, amma Shehu ya raɗa mata sunan Asma'u, watau sunan 'yar Sayyidina Abubakar Siddiƙu, wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mahaifinta guzuri sa'ad da suke ɓoye cikin kogon Saur a kan hanyar hijira. Sunan kuwa ya bi ta, domin ita ma hijira ta same ta tana yarinya, ta kuma ƙare rayuwarta tana kai wa mabukata abin da za su rayu da shi.

Mahaifiyarta, Maimuna, ta rasu tana ƙarama, saboda haka sauran matan Shehu suka rene ta. Gidan da ta tashi a cikinsa gidan ilmi ne tun kaka da kakanni, har ma kalmar Fodiyo a Fulatanci malami take nufi. Abin da ya bambanta gidan da gidajen malamai da yawa na lokacin shi ne ba a ware mata daga karatu ba. Shehu ya yi kakkausan suka a cikin littafinsa Nurul Albab ga malaman da ke tara almajirai a zaure suna koyar da su, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu, ba su san hukuncin alwala da salla da azumi ba. Tun kafin jihadi mata kan halarci wa'azinsa, har wani malami mai suna Mustafa Gwani ya zarge shi a kan haka, Shehu ya umurci ƙanensa Abdullahi ya ba shi amsa. Hujjar da aka kafa masa ita ce barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi muni nesa ba kusa ba. Malam Abdullahi ya kawo wannan labari cikin Tazyinul Waraƙat.

A irin wannan gida Asma'u ta haddace Alƙur'ani mai girma, ta karanci tauhidi da fiƙihun Malikiyya da hadisi da nahawu, ta kuma sha tarbiyyar ɗariƙar Ƙadiriyya wadda mahaifinta yake kai. Ta iya harsuna huɗu: Larabci da Fulatanci da Hausa da harshen Buzaye. Wannan baiwa ta harsuna ita ce daga baya ta zama babban makaminta.

SHEKARUN WAHALA

Tana da kimanin shekara 11 al'amura suka ɓaci tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. A watan Fabrairu na 1804 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, aka ɗora littattafai bisa raƙuma, mata da yara suka bi a ƙasa. A watan Yuni na shekarar aka yi nasara a Tabkin Kwatto, amma kafin shekarar ta ƙare aka gamu da mummunar asara a Tsuntsuwa, inda aka ruwaito cewa cikin waɗanda suka yi shahada akwai mahaddata Alƙur'ani wajen 200. A 1805 aka sake shan wuya a Alwasa. Tsakanin waɗannan yaƙe-yaƙe jama'a ba su da mazauni tabbatacce, ga yunwa, ga cuta, ga fargaba dare da rana. Duk wannan a kan idon Asma'u aka yi shi. Ta ga yadda mace kan wayi gari da miji ta kwana bazawara, ta ga marayun da ba su da mai share musu hawaye, abin kuwa bai taɓa fita daga zuciyarta ba.

Cikin waɗannan shekaru ne aka ɗaura mata aure da Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Bello ya gina Sakkwato a 1809, Shehu kuma ya zauna Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, inda Allah Ya yi masa rasuwa a 1817. Bayan rasuwarsa Asma'u da mijinta suka tsaya wajen tattara rubuce-rubucensa da adana su, domin da yawa sun sha wahalar hijira da yaƙi. Ta kuma zama abokiyar shawarar Sarkin Musulmi Bello, suna musayar rubutu da Larabci, malaman nesa da na kusa suna aiko mata da wasiƙu. Da ta ga dama da ta tsaya nan, ta ƙare kwanakinta cikin littattafai da girmamawar fada, ba wanda zai ga laifinta.

CIWON DA YAƘI YA BARI

To, amma kafa daula daban, gyaran jama'a daban. Sa'ad da ƙura ta lafa, sai ga ƙasa cike da zawarawa da marayu. Ga kuma ɗimbin matan da aka kamo a yaƙi daga Gobir da Kabi da Zamfara, aka rarraba su cikin gidaje a matsayin bayi da ƙwaraƙwarai, an raba su da danginsu da garuruwansu. Bello ya kafa garuruwan ribaɗi irin su Wurno, ya zaunar da makiyaya da mutane iri-iri a cikinsu, waɗanda da yawansu Musulunci a baki kawai suka san shi. Mace in ɗanta ya kwanta ciwo, ko haihuwa ta zo mata da gardama, ko baƙin ciki ya dame ta, ba ta san inda za ta nufa ba sai wurin 'yan bori, domin su ne ta tashi ta gani suna amsa kukan mata. A ƙasar Gobir kuwa bori yana da shugaba mai ƙarfi, watau Inna, wadda 'yar gidan sarauta ce, tana da fada da mabiya, takan kuma sa malfa alamar mulkinta.

Wannan ciwo ne da runduna ba ta iya warkar da shi. Alƙali ba ya shiga cikin gida, limami ba ya zama da matan aure, umurnin Sarkin Musulmi kuwa iyakarsa ƙofar zaure. Ga shi kuma a hannun waɗannan mata tarbiyyar 'ya'yan da za su gaji daular take. Asma'u ta gane cewa in aka bar su yadda suke, to, abin da aka zubar da jini domin a kawar zai komo ta ƙofar baya. Ta kuma gane cewa hana mace zuwa wurin bori ba tare da an ba ta madadinsa ba, aikin banza ne. Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, mai ɗaki kuma shi ya san inda yake masa yoyo. A kan wannan fahimta ta gina aikinta.

YADDA AKA TSARA 'YAN TARU

Tun cikin shekarun 1830 ta fara tsarin da aka sani da 'Yan Taru, watau masu taruwa. Ba ta tura malamai daga birni su je su mallaki ƙauyuka ba. A maimakon haka, a kowane gari akan sami dattijuwa 'yar garin, wadda aka shaida da hankali da riƙon amana da tsoron Allah, a naɗa ta shugabar matan wurin. Sunan wannan muƙami jaji, kalmar da ake kiran jagoran ayari da ita. Asma'u da kanta takan ɗora wa jaji malfa a ka, ta naɗa mata jan rawani a kai. A nan akwai hikima mai zurfi, domin malfar nan ita ce mata suka saba gani a kan Innar Gobir. Ba ta jefar da alamar da suka sani suke girmamawa ba, sai ta juya ta, ta mai da ita alamar ilmi da Sunna. Duk wadda ta hango malfa ta san shugaba ce tafe, amma yanzu shugabar karatu.

Jaji takan tattaro ayarin mata daga garinta, su taho a ƙasa har gidan Waziri a Sakkwato, waɗansu tafiyar kwana da kwanaki. Waɗanda ke cikin ayarin su ne 'yan mata ƙanana da ba su isa aure ba, da kuma dattijai mata da suka wuce haihuwa. Matan aure masu goyo da hidimar gida suna zaune a ɗakunansu, ba a ta da su ba. Da haka aka toshe bakin mai cewa an fitar masa da mata, aka kuma kiyaye iyakokin Shari'a, ba tare da an hana kowa karatu ba, gama in ayari ya koma gida, waɗanda suka je su ne za su bi gida gida suna koyar da waɗanda ba su je ba.

Ba hannu sake suke zuwa ba. Sukan taho da sadakar da matan garinsu suka tara, kamar hatsi da zuma da man shanu da zare, kowace gwargwadon ƙarfinta. Asma'u takan karɓa ta raba wa gajiyayyu da naƙasassu da sauran mabukata. Ta haka talakar ƙauye, wadda ba ta da kome sai ɗan abin da ta kaɗa da mazarinta, ta sami kanta cikin masu bayarwa, ta san cewa ita ma tana da hannu cikin ɗaukar nauyin al'umma.

Aikin jaji bai tsaya ga karantarwa ba. In ta koma garinta ita ce mai sulhunta mata in sun saɓa, mai ba amarya da mai jego shawara, mai lura da marar lafiyar da ba shi da mai jinya, mai koyar da yadda ake wankan gawar mace bisa Sunna, mai tattara mata su share masallaci ko su kai ɗauki gidan da aka yi rashi. Waɗannan duka suna cikin abin da malaman fiƙihu ke kira farillar kifaya, watau wajibin da in waɗansu suka tsaya da shi an ɗauke wa saura, in kuwa kowa ya yi biris da shi, laifin ya hau kan jama'ar wurin baki ɗaya. Abin lura shi ne Shari'a ta ɗora irin wannan wajibi a kan mutanen da abin ya faru a gabansu, tun kafin labari ya kai ga hukuma.

LITTATTAFAN DA AKE ƊAUKA A KA

Mafi yawan waɗannan mata ba su iya karatu ba, takarda kuma tana da tsada a lokacin. Saboda haka Asma'u ta zuba darussanta cikin waƙa, domin waƙa tana da sauƙin haddacewa, mace kuma tana iya rera ta tana daka ko tana kaɗi, 'ya'yanta suna ji. Abin da ya shafi malamai takan rubuta shi da Larabci, na dangi da makiyaya da Fulatanci, na sauran jama'a kuwa da Hausa cikin rubutun ajami. Rubuce-rubucenta da suka iso wannan zamani sun kai wajen 60.

Daga cikinsu akwai Sunago, wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin 'yan baitoci kaɗan, yadda mai koyo zai riƙe su ba wuya. Akwai Tawassuli Ga Mata Masu Albarka, wadda ta gina a kan wani littafin nasiha na Bello, ta kawo matan Annabi da 'ya'yansa, da salihan bayi irin su Rabi'atul Adawiyya, sa'an nan ta haɗa da matan jama'ar Shehu waɗanda masu sauraro suka sani ido da ido, don mace ta gane cewa salihanci ba abin zamanin da ya wuce ba ne kaɗai. Akwai Godaben Gaskiya, mai bayanin farillai da halaye na gari da sakamakon lahira. A 1839 ta wallafa Tabshirul Ikhwan da Larabci, a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani da addu'o'in da suka zo cikin hadisi, wanda ya ƙunshi abubuwan da ke damun mata kamar ciki da haihuwa da ciwon yara, domin masu ba da magani su sami abin da za su riƙe a madadin bori.

Ba talakawa kaɗai ta yi wa gargaɗi ba. Ita ce ta mayar da waƙar mahaifinta, Tabbat Haƙiƙa, daga Fulatanci zuwa Hausa, waƙar da ke jan kunnen masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa a kan zalunci da cin hanci da ƙwace haƙƙin mutane. Da ta shiga bakin jama'a da harshen da kowa ke ji, sai talaka ya san abin da Shari'a ta ba shi da abin da ta hana shugabansa.

Wani abin da ke nuna halinta shi ne marsiyoyinta. Ta yi wa manya irin su baffanta Abdullahi na Gwandu, wanda ya rasu a 1829, da yayanta Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, da mijinta Giɗaɗo. Amma ta kuma yi wa wata maƙwabciyarta mai suna Halima, wadda ba ta da sarauta ba ta da dukiya, ta yabe ta da haƙuri da kyautata zumunci da sulhunta mutane. Ta yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u, wadda ta daɗe tana jagorantar ayarin mata zuwa wurinta. Ko a marsiyar Bello, abin da ta fi ambata shi ne ilminsa da adalcinsa da taimakon talakawa. A ma'auninta, darajar mutum tana ga amfanin da ya yi wa bayin Allah.

RASUWARTA DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Nana Asma'u ta rayu har ta ga zamanin sarakunan Musulmi huɗu bayan mahaifinta, watau Bello da Abubakar Atiku da Aliyu Babba da Ahmadu ɗan Atiku, ta kuma ga ɗanta Abdulƙadir ya gaji mahaifinsa a wazirci. Allah Ya yi mata rasuwa a 1864, daidai da 1280 Hijiriyya, tana da shekara 70 da 'yan kai, aka binne ta a Hubbare kusa da Shehu. Jama'a sun riƙa kiranta Uwargari, sunan da ba naɗa mata shi aka yi a fada ba.

Bayanta ƙanwarta Maryamu 'yar Shehu ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru. A watan Maris na 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi cikin wannan shekara, rundunar daula ta watse, ikon sarakuna da alƙalai ya koma ƙarƙashin Nasara. Amma 'Yan Taru ba su watse ba, domin ba su dogara ga baitulmali ko umurnin fada ba. Tushensu yana cikin ɗakunan matan ƙauye, inda mai mulki bai iya kaiwa. Shekaru da yawa bayan haka, wata Baturiyar Ingila mai suna Jean Boyd, wadda ta daɗe tana aikin koyarwa a Sakkwato, ta tarar da tsofaffin mata suna rera waƙoƙin Asma'u da ka, suna kuma riƙe da muƙamin jaji. Da taimakon Waziri Junaidu, wanda jikan gidan Giɗaɗo da Asma'u ne, ta tattara tarihinta ta buga a 1989, sa'an nan a 1997 ita da Beverly Mack suka fitar da rubuce-rubucenta a haɗe. A yau makarantun mata da yawa a Arewa suna ɗauke da sunanta.

ABIN DA YA KAMATA A ƊAUKA

Ciwon da Asma'u ta tarar bai zama tarihi ba. A ƙasashen nan da ta yi aikinta, watau Sakkwato da Zamfara da maƙwabtansu, ta'asar 'yan bindiga ta sake cika garuruwa da zawarawa da marayu da waɗanda aka kora daga ƙauyukansu. Ga 'yan mata da ba su taɓa shiga aji ba, ga yara suna gararamba da ƙoƙon bara. Babu shakka tsaron rayuka da gina makarantu da asibitoci haƙƙi ne a wuyan hukuma, kuma Allah zai tambayi kowane shugaba a kan abin da aka ba shi kiwo. Amma wannan bai sauke wa mutanen unguwa nasu nauyin ba. Gwamnati ba ta san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, maƙwabci ne ya sani, Manzon Allah kuwa ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda zai kwana da ƙoshi alhali ya san maƙwabcinsa na fama da yunwa.

Masu kafa ƙungiyoyin taimako a yau, da malaman Islamiyya, da matan da ke karantarwa a cikin gidaje, suna da abin koyi a tsarin 'Yan Taru. Asma'u ta ba 'yan gari shugabancin aikin garinsu, ta yi wa mutane magana da harshen da suke ji, ta girmama abin da suka saba da shi matuƙar bai saɓa wa Shari'a ba, ta haɗa karatu da ciyarwa da jinya, ta kuma sa kowa ya kawo ɗan abin da yake da shi maimakon a zauna jiran na wani. Duk unguwar da ke da masallaci da dattijan kirki, maza da mata, tana da abin da za ta fara da shi, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u da mahaifinta Shehu Usmanu, da dukan matan da suka ɗauki malfa suka taka ƙasa domin ilmi, waɗanda aka san sunayensu da waɗanda Shi kaɗai Ya san su. Allah Ya haskaka kaburburansu, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsu, Ya kuma tayar wa wannan al'umma da irinsu. Amin.